Karyar da aka tsinta a bakin kwata: ta isa shiga gidan da akwai yara?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina zaune a Kaduna, a sabuwar unguwa da gidaje ba su yi yawa ba tukuna, kuma ina neman karen gadi. Wasu matasa da ke tsinto karnukan titi suna jinyarsu sun nuna mini wata karya da suka ɗauko kusa da kwata mako uku da suka wuce. Ramammiya ce, gashin gefen kunnuwanta da na gwiwoyinta ya zube, akwai kuma wani rauni a cinyarta da ya kusa warkewa. Sun ce ranar da suka kawo ta suka yi mata allurar haukan kare, suka ba ta maganin tsutsa, kuma ta wuce kwana goma ba ta nuna komai ba, don haka lafiyarta ƙalau. Ba ta haushi, ba ta gurnani, ko an taɓa ta shiru take yi. Ina da yara uku, ƙaraminsu shekararsa 4, ga kaji da awaki a gidan. In ɗauke ta?

Amsa: Malam, barka kadai. Allah ya saka wa matasan nan da alheri, aikin da suke yi ba kowa ke iya shi ba. Amma kada ka kai karyar nan cikin yaranka yanzu. Ban ce ka haƙura da ita ba. Abin da nake cewa shi ne, abubuwa biyun da suka kwantar maka da hankali, wato kwana goman nan da kuma shirunta, su ne suka tayar mini da nawa.

Raunin cinyar shi ne ya fi komai nauyi a bayaninka. Karen titi yana jin ciwo ta hanyoyi da yawa: jifa, waya, babur, sara. Amma rauni a cinya ko wuya ko kunne, a jikin karen da ke neman abinci a bakin kwata inda karnuka ke kokawa kan hanji da ƙashi, mu likitoci muna ɗaukarsa cizo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Idan kuwa cizo ne, babu wanda ya san lafiyar karen da ya yi shi.

Ƙwayar cutar haukan kare a cikin yawu take. Idan ta shiga ta rauni ba ta bin jini, jijiya take kamawa, ta riƙa hawa a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, daga nan ta sauko cikin yawu. Duk tsawon wannan tafiya kare yana cin abincinsa, yana kaɗa wutsiya, babu alamar komai, kuma babu gwajin jinin da za a yi wa kare mai rai a ce maka tabbas ba ya ɗauke da ita. Sai bayan ya mutu ake duba ƙwaƙwalwarsa a ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos. A jikin kare tafiyar takan ɗauki mako biyu zuwa wata uku, wani lokaci har wata shida. Kuma gwargwadon nisan rauni da kai, gwargwadon daɗewar tafiyar. Cinya kuwa tana daga cikin wurare mafi nisa. Ka ga ke nan mako uku na zaman lafiya bai gaya mana komai ba.

To ina maganar kwana goma ta samo asali? Gaskiya ce, amma an ɗora ta inda ba gurbinta ba. Kare ba ya zubar da ƙwayar a yawunsa sai 'yan kwanaki kafin ciwon ya bayyana, kuma da zarar ya bayyana ba ya daɗewa yake mutuwa. Saboda haka idan kare ya ciji mutum, aka tsare shi kwana goma aka ga yana nan garau, an san cewa ranar da ya yi cizon yawunsa ba shi da cutar. Amsa ce ga wanda aka ciza, game da wannan cizon kaɗai. Ba shaida ba ce cewa karen ba zai haukace wata mai zuwa ba. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna cakuɗa waɗannan biyun.

Allurar da suka yi mata kuma daidai suka yi, amma rigakafi ce, ba magani ba. Ana lissafa cewa sai bayan kwana 28 da allurar farko jikin kare ke samun kariyar da za a dogara da ita, ita kuwa kwananta 21. Abin da ya fi wannan, idan ƙwayar ta riga ta kama jijiya kafin a yi allurar, ba a dogara da allurar ta tare ta. A Amurka, inda tun 2007 aka bayyana cewa an kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka, ƙa'idarsu tun 2016 ita ce karen da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, idan dabba mai cutar ta cije shi, a kashe shi, idan kuma mai shi bai yarda ba, a yi masa allura nan take kuma a killace shi wata huɗu cur. Kafin wannan shekarar wata shida ne. Mu da cutar ke yawo a garuruwanmu, ban ga dalilin da zai sa mu fi su sassauci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da wannan cuta kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Akwai kuma abin da jama'a ba su cika sani ba. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu yana dalala ba. Akwai nau'in da ke zuwa da shanyewar jiki: kare ya yi laƙwas, ya nemi lungu, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, sai ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. A nan ne mai tausayi ke zura hannu a bakinsa don ya ciro masa. Ban ce shirun karyar nan shi ne wannan ba. Da shi ne da ba ta kai mako uku ba. Na faɗa ne don kada wani a gidanka ya ɗauka shiru shaidar lafiya ce.

Ka nemi ganin katin allurar da idonka. Ya kamata a ga kwanan wata, da takardar da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar mai ɗauke da lambar rukuni da ranar lalacewa, da sa hannun likitan da ya yi. Ka tambayi inda aka sayo maganin da yadda aka ɗauko shi. Ana ajiye shi ne a sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, kuma da halin wutar lantarkinmu kwalba na iya kwana cikin firjin da ya huce ko ta yini a aljihu. Idan babu kati, ko an yi shakka, a sake yi mata. Maimaitawa ba ta cutarwa.

Sauran lafiyar jikinta sun fi sauƙi, domin kusan dukkansu suna da magani. A kai ta asibitin dabbobi, kai ka biya kuɗin, tunda matasan nan daga aljihunsu suke yi. Akwai na gwamnati da na masu zaman kansu a Kaduna, idan kuma abin ya yi zurfi asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ba nisa. Likita zai sa mata takunkumi, ya sa safar hannu, ya ɗaga leɓenta. Dasashin kare mai lafiya ja-ja ne mai haske. Idan ya yi fari, jini ya yi ƙasa, kuma a irin karnukan nan kaska ce ko tsutsar hanji mai shan jini. Zai auna zafin jikinta, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 38 da 39.2. A haƙora zai kimanta shekarunta: zuwa wata bakwai haƙoran girma guda 42 sun gama fitowa, daga nan sai a duba yadda suka goge da yadda suka yi datti. Zai kuma ɗebi jini a duba cututtukan da kaska ke sawa. Ɗaya ana maganinta da doksisaikilin na kwana 28 ba tsallake. Ɗayar allura ake yi, kuma sau da yawa irin ta sammore ce da makiyaya ke yi wa shanu. Kada ka bari wani ya ce ai ya saba yi wa shanunsa: a jikin kare tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa kaɗan ce ƙwarai.

Ita kaskar kare ka yi maganinta tun kafin karyar ta taka gidanka. Tana zama a tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, macen tana zuba ƙwai dubbai, kuma idan ta kafu a gida fitar da ita aiki ne na watanni.

Zubewar gashi a gefen kunne da gwiwoyi ya yi kama da ƙazuwar kare. Akwai wata 'yar dabara da muke yi: a murza gefen kunnen tsakanin yatsu biyu, sai ka ga ƙafar baya ta ɗaga da kanta tana susar iska. Yawancin masu wannan ƙazuwa haka suke yi. Tana kama mutum, ta sa ƙaiƙayi da ƙuraje a hannu da ciki, ko da yake ba ta daɗewa a jikinmu. Idan kuma zubewar zagaye-zagaye ce, makero ne, shi ma yara na ɗauka da sauri. Ana maganin ƙazuwar da allurar aibamektin da ake maimaitawa, ko ƙwayoyin tauna irin su Bravecto da NexGard, waɗanda ke kashe kaska da ƙuma a lokaci guda. Sun fi tsada amma sun fi sauƙin sha'ani. Abin da nake roƙonka shi ne kada a shafa mata baƙin mai, kada a wanke ta da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Muna karɓar karnuka suna makyarkyata suna kumfar baki saboda wannan, kuma ba duka ke tashi ba. Haka nan farasitamol da aibufurofen na mutane, ba na kare ba ne. Suna lalata hanta da ƙoda da tumbi.

Maganin tsutsa sau ɗaya bai isa ba, sai an maimaita bayan mako biyu. Kuma tunda a kwata ta rayu, ka tambaya musamman ko maganin da aka ba ta yana da farazikwantal a ciki. Duk mahauci ya san ƙullutun ruwan nan da ake samu a hanta ko huhun tunkiya da saniya da raƙumi, wanda ake yankewa a jefar. Karen da ya ci shi yana samun wata 'yar ƙaramar tsutsa a hanjinsa wadda shi ba ta dame shi, amma ƙwanta na fita a kashinsa, yana maƙalewa a gashinsa. Mutumin da ya haɗiyi ƙwan, irin wannan ƙullutun ke tsirowa a hantarsa ko huhunsa, sai bayan shekaru a gano, sau da yawa sai an yi tiyata. Maganin tsutsa na yau da kullum ba ya kashe ta. Bayan an ba ta farazikwantal, a kwashe kashinta na kwana biyu zuwa uku a ƙone ko a binne da zurfi. Yaro ɗan shekara 4 kuwa ka san hannunsa daga ƙasa sai baki.

Tana buƙatar allurar haɗaka ta sauran cututtukan karnuka, wadda ta ƙunshi farbo mai sa zawon jini da distamfa mai sa majina da kwantsa da fizgar jiki, sau biyu, mako uku zuwa huɗu tsakani. Inda aka tara karnukan titi wuri ɗaya waɗannan biyun suna yaɗuwa da sauri, don haka ka tambaya ko wani kare ya mutu a wurin cikin watan nan da abin da ya kashe shi.

Da yake mace ce, a duba abu biyu. Cikin karya kwana 63 ne, kuma ramammiyar karya na iya ɗauke da ciki na mako uku ko huɗu ba wanda ya lura. Hoton ciki zai nuna. Kada ka je neman mai gadi ɗaya ka wayi gari da bakwai. Na biyu, akwai wani tsiro ja mai saurin zubar jini da ke fitowa a gaban karnukan titi, wanda suke ɗauka wajen barbara. Ganinsa yana da ban tsoro, amma yana jin magani sosai: allurar binkiristin a jijiya mako-mako, yawanci huɗu zuwa shida. Idan ta murmure ta yi ƙiba, a yi mata aikin cire mahaifa. In ba haka ba, duk lokacin da ta shiga neman namiji karnukan unguwa za su yi sansani a ƙofar gidanka, kuma da su za a shigo da duk abin da ka kashe kuɗi kana korewa.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana. Wanda ya daɗe da yunwa idan aka cika masa ciki lokaci guda yana iya rikicewa. Tuwo da dafaffen nama ko kifi ko ƙwai ya yi, amma ban da miya mai albasa da yawa, domin albasa na fasa ƙwayoyin jinin kare, ita kuwa jininta ma bai ishe ta ba. Ban da ɗanyen kayan ciki har abada.

Yanzu halinta, wanda a nan ne na fi son ka nutsu.

Ka ce ko an taɓa ta shiru take yi. Kare mai sanyin hali da kare da tsoro ya daskarar duk shiru suke yi, amma jikinsu ba iri ɗaya ba ne. Mai sanyin hali jikinsa a sake yake, bakinsa a ɗan buɗe, idan ka daina shafa shi sai ya matso ya zunguri hannunka. Wanda tsoro ya kama kuwa, sai ka ga ya sandare, ya rufe baki gam, kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin cinyoyi, ya kau da kai gefe amma yana satar kallonka har farin idonsa ya fito, yana lasar leɓe ko yana hamma ba barci yake ji ba. Wannan ba yarda ya yi da taɓawar ba, jurewa yake yi don ba shi da mafita. Ranar da juriyar ta ƙare, sai a ce ai ba gaira ba dalili ya yi cizo.

Ƙara da cewa ba ta da lafiya. Mai yunwa, mai ƙaiƙayi, mai ƙarancin jini ba shi da ƙarfin nuna hali. Kamar sabuwar amarya ce, a makon farko ko muryarta ba a ji, sai ta kwana biyu a san da wa ake zaune. Karyar da za ka gani bayan ta ƙoshi, gashinta ya fito, ta san nan gidanta ne, tana iya zama mai wasa da son mutane, tana kuma iya zama mai tsare kwano da ƙofa da haƙori. Yau babu wanda zai iya gaya maka wacce ce, har ni. A ƙasashen da ke da manyan gidajen kula da karnuka an daɗe ana yi musu jarrabawar hali ta rana ɗaya, a taɓa kwanonsu da hannun roba, a nuna musu 'yar tsana. A 2016 wasu masu bincike biyu a Amurka, Gary Patronek da Janis Bradley, suka yi lissafin yadda irin wannan jarrabawa ke hasashen karen da zai yi cizo a gida, suka nuna cewa bai fi canki-canka ba. Wasu da suka faɗi jarrabawar lafiya lau suke zama da mutane, wasu da suka ci kuma su ba da mamaki. Abin da ya fi amfani shi ne tarihin karen idan an sani, da kallonsa yau da gobe a cikin harkokin yau da kullum.

Saboda haka ka riƙa zuwa wurinta, safe wani lokaci, yamma wani lokaci. Kada ka tunkare ta gaba da gaba, kada ka zura mata ido, kada ka miƙa hannu ta saman kanta. Ka zauna a gefe ka ba ta kafaɗa, ka riƙa jefa mata 'yan gutsattsarin dafaffen nama. Ka lura: tana ci a gabanka, ko sai ka tashi? Zuwa na uku ko na huɗu ta fi matsowa? Idan kwano ya faɗi ta firgita, cikin daƙiƙu nawa ta dawo ta shinshina shi? Firgita ba laifi ba ne, kowane kare na yi. Saurin dawowa hayyaci shi ne abin dubawa. Wadda ta shige lungu ta ƙi fitowa har ka tafi, aikinta mai tsawo ne, kuma gidan ƙananan yara ba wurinsa ba ne.

Ka kuma tuna rayuwar da ta yi. Karen titi a garuruwanmu ya san mutum ne ta hanyar dutse da sanda. Gwada sunkuyawa kamar za ka ɗauki abu a ƙasa daga nesa, ka ga yadda za ta yi. Yawancinsu kafin ka miƙe sun yi tsalle. Su wa suka fi jifan karnuka? Yara. Ke nan tana iya sakin jiki da kai da matasan da ke ba ta abinci, amma muryar yara da gudunsu su tuna mata da wani abu dabam. Ka tambayi matasan ko ta taɓa ganin yara tun da ta zo, da abin da ta yi. Ka sa a riƙe ta da igiya a bayan waya, manyan yaranka su wuce daga nesa suna hirarsu, kai kana kallon jikinta ba fuskar yaran ba. Ɗan shekara 4 tsayinsa daidai bakin kare yake, shi ya sa cizon ƙananan yara ya fi yawa a fuska da wuya, inda ya fi kusa da ƙwaƙwalwa.

Idan wata rana ta yi gurnani, kada a doke ta. Karen da ya yi gurnani ya yi maka adalci, ya gaya maka ka ja baya. Wanda aka doke har ya daina gurnani bai daina jin abin da yake ji ba, gargaɗin kawai ya daina bayarwa. A duba abin da ya jawo gurnanin a gyara. Mafi yawa a kan abinci ne, kuma ga wadda ta yi kokawa da karnuka goma kan hanji ɗaya wannan ba abin mamaki ba ne. Maganinsa a ba ta abinci ita kaɗai a wurinta, ba mai zuwa kusa har ta gama, a ɗauke kwanon bayan ta bar wurin. Masu cewa a riƙa ƙwace kwano don ta san wane ne maigida, matsalar suke ƙarawa.

Kaji da awaki: a fara da igiya. Idan ta kalle su ta kau da kai, alama ce mai kyau. Idan ta yi tsit, ta ƙura ido, ta sunkuyar da kai tana taku a hankali, farauta take shiryawa, kuma wannan hali da wuya ya fita. Ko ta ci wannan gwaji, kada a bar ta da 'yan tsaki ko sabon haihuwar akuya ba kowa.

Game da gadin da kake nema, rashin haushinta yanzu kada ya dame ka. Kare ba ya tsare wurin da bai ɗauka nasa ba. Yawancin karnukanmu na gida sai sun yi makonni, wasu watanni, sannan muryarsu ke fitowa. Kuma abin da gida mai yara ke buƙata shi ne kare mai kunne da haushi, wanda zai tashe ka, ba mai cizo ba. Al'adar nan ta kulle kare a ƙaramin keji cikin rana yini guda, ko ɗaure shi da gajeriyar sarƙa, ko hana shi abinci wai don ya yi zafi, ba ta samar da mai gadi. Tana samar da karen da bai san na gida da baƙo ba, kuma ranar da sarƙar ta tsinke, almajiri ko ɗan maƙwabci ko naka ɗan shi ne na kusa. Hukuncin ajiye kare don gadi na bar wa malamai, sun yi bayaninsa. Ta fuskar aikina dai wurinta daban, kwanonta daban, kuma duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Zan roƙi matasan su ci gaba da riƙe ta, ina biyan abinci da magani, har a gama jinyar ƙazuwa da kaska da tsutsa, allurar kuma ta cika kwana 28. Idan likitan da ya ga raunin ya ce cizo ne, ko ya kasa cewa ba cizo ba ne, to ba za ta haɗu da yara ba sai ta cika wata huɗu daga ranar da aka tsince ta, kuma da ɗan shekara 4 a gida ni na fi son shida. Idan wurinsu ya cika dole ta dawo hannunka kafin nan, ka gina mata wuri mai inuwa da fili, da waya ninki biyu yadda yatsan yaro ba zai kai bakinta ba, da ƙofa mai kwaɗo. Babba ɗaya ne zai riƙa kula da ita, kuma ya kyautu ya karɓi allurar rigakafin haukan kare ta mutane tun kafin wani abu ya faru, sau biyu, mako ɗaya tsakani. Matasan nan ma ka ba su wannan shawara, sun fi kowa buƙatarta. Ku kuma yi magana a fili tun yanzu cewa idan halinta bai dace da gidanka ba za su karɓe ta. Idan ka ga ba za ka iya wannan ɗawainiya ba, babu abin kunya. Ka nemi karen da aka san tarihinsa, ko kwikwiyon da uwarsa ke da kati, a yi masa allurar haukan kare yana wata uku.

A cikin watannin nan, idan ta canza hali farat ɗaya, mai gudun mutane ta koma mai naci ko mai lafiya ta koma mai faɗa, ko muryarta ta dushe, ko ta fara tauna itace da waya, ko tangaɗi, ko muƙamuƙi ya saki, a kulle ƙofa, kowa ya nisance ta, a kira likitan dabbobi. Kada a fasa mata kai, kada a jefar da gawar ko a sayar, domin ƙwaƙwalwar ake buƙata a gwada, kuma sakamakon ne zai nuna wa za a yi wa allura.

Idan kuma ta ciji wani, ko ta yakushe shi, ko ta lashi inda yake da ƙurji, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ana duba agogo, a zuba aidin ko sifirit, a tafi asibiti a ranar. Ba toka, ba sassaƙe, ba gashin kare. Kada a ce bari a ga kwana goma tukuna. Ana fara allurar ne nan take, idan kwana goman suka cika tana lafiya likita na iya dakatarwa. Idan cizon ya huda fata, ka tambayi likita game da allura ta biyu da ake yi a cikin raunin kansa. Kuma tun kafin karyar ta iso, ka tara yaran ka gaya musu cewa duk wanda ta taɓa shi da haƙori ko farce, ko da shi ya tsokane ta, ko da ya karya dokar zuwa wurinta, ya zo ya faɗa, ba duka ba faɗa. Yara da yawa da wannan cuta ta kashe, ɓoye ɗan ƙaramin cizo suka yi don tsoron bulala.